Hajiya, kada ki miƙa makullin shagon tukuna

Wasiƙar wannan makon daga Kumasi ta ƙasar Ghana ta zo, daga wata baiwar Allah mazauniyar Aboabo. Na taƙaita ta, na kuma cire abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum. Shekarata 23 ina sayar da atamfa, leshi, shadda, mayafai da abaya a wani shago a Alabar. Da shagon nan na riƙe yara biyar bayan rasuwar mahaifinsu, da shi na je Makka. Yanzu sai in wuni ban yi ciniki uku ba. Abin da ya fi ci mini rai, yarinya za ta shigo ta sa in sauke kaya, ta shafa, ta ɗauki hoto da waya, ta ce za ta dawo, shi ke nan. Daga baya in ji a wajen 'yan TikTok ta saya, ko kuma ita ce ma mai sayarwar. Saura wata huɗu kuɗin haya ya ƙare, mai shagon ya ƙara kuɗi, kuma na shekara biyu yake so. 'Yata ta uku, wadda ta gama makaranta ba ta samu aiki ba, ta ce in saki shagon mu kwashe kayan zuwa gida ta riƙa sayarwa a waya. Baffanta, yayan mahaifinta, ya ce muddin yana raye 'yar ƙaninsa ba za ta tsaya tana nuna kanta ga duniya ba. Kwana biyun nan ba ma magana sosai da yarinyar. Ni ban iya wayar ba, in ban da kira da saƙon murya. Barci ya ƙaurace mini. In saki shagon ne, ko in ci bashi in biya?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan maigida, Ya saka miki da alheri a kan riƙon marayu, Ya sa su zame miki sanyin ido.

Amsata a gajarce: kada ki saki shagon a wannan watan, kuma kada ki ci bashin shekara biyu don ki riƙe shi. Wata huɗun da suka rage miki ba kaɗan ba ne, in dai ba a cikin tagumi aka ƙarar da su ba.

Na san abin da kike nufi da sauke kaya. Ki taka kujera da gwiwar da ke miki ciwo, ki zaro turmin da ke can ƙarƙashi ba tare da na sama sun zubo ba, ki warware shi a kan tebur, ki faɗi asalinsa, ki faɗi dalilin da ya sa ya fi na kusa da shi tsada. Mai saye ta shafa, ta kara a kafaɗa, ta ɗaga waya. Ko tayi ba ta yi ba, balle ki ce albarka. Sai a bar ki da ninki. Ba rashin cinikin kaɗai ke da zafi ba, an ɗebi saninki ne na shekara 23 kyauta an tafi da shi. Duk wanda ya ce miki wannan ba komai ba ne bai taɓa zaman shago ba.

Amma bari in ba ki wani labari daga ɗaya ɓangaren, don ni ma na taɓa zama mai sayen waya. Ana saura mako uku bikin ƙanwata na ga wani leshi a sitatus ɗin wata yarinya, kuɗinsa bai kai kashi biyu cikin uku na abin da aka faɗa mini a kasuwa ba. Na tura kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Bayan kwana biyu mai babur ya kawo mini baƙar leda. Abin da yake ruwan zuma a hoto ya zo mini kamar ruwan ƙwai, ina girgiza shi duwatsun suka fara zuba a tabarma. Na kira lambar sau uku, a na huɗu an toshe ni. Da ledar a hannu na tafi wajen wata dattijuwa da mahaifiyata ta saba saye a gurinta. Ba ta ce mini don me ba. Ta fito da shi bakin ƙofa inda rana take, ta zare zare ɗaya daga gefe, ta ƙyasta ashana. Zaren bai zama toka ba, ya narke ya dunƙule, yana warin leda. Ta ce, 'yar nan, roba kika saya. Sannan ta zaro nata ta ƙona zare ɗaya, ya ci da wuta ya bar toka mai laushi kamar ta takarda. Tun ranar ban sake sayen yadi a wajen wanda ba zan iya zuwa ƙofarsa ba. Abin da tsohuwar nan ta yi da ashana ɗaya, Hajiya, shi ne hajarki ta gaskiya, kuma babu yarinyar da za ta iya ɗaukarsa a hoto.

Kafin mu ɗora wa waya laifin komai, a yi mata adalci. Ki tuna shekarun nan da aka wuce. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Kumasi da Accra, da mu 'yan zango muke ce wa Ankara, har mako uku saboda korona, bukukuwa suka tsaya, wanda bai saba saye ta waya ba ya koya dole. A 2022 kuɗinmu sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba na shekarar, matar da takan ɗinka kala uku da Sallah ta koma ɗaya. Gina sabuwar kasuwar Kejetia da tashin mutane daga tsohuwar babbar kasuwa sun sauya hanyar da ƙafa take bi, lungun da a da ba a samun wurin sa ƙafa ya zama fayau. Gobara ta ci wani ɓangare na Kejetia a Maris na 2023, ta ci wani ɓangare na kasuwar Adum a Maris na 2025. Sannan da sidi ya farfaɗo a 2025, wadda ta saro kaya lokacin dala tana sama ta wayi gari kayanta sun fi na sabbin shigowa tsada. Ina zargin wasu daga cikin turamen da ke kanki irin waɗannan ne. Na kawo wannan ne don ki san in kin kwashe kaya kin kai gida, ba duk ciwon zai tsaya a Alabar ba, wani zai biyo ki har Aboabo.

Duk da haka wayar ta ci nata rabon, kuma ba za ta amayar ba. MTN ya kawo MoMo a 2009, a 2018 aka haɗa layuka ta yadda kuɗi ke tsallakawa daga wannan kamfani zuwa wancan. Harajin tura kuɗi ta waya, E-Levy, da aka sa a 2022 ya ɗan sanyaya wa mutane gwiwa, a 2025 aka soke shi. Jumia ta shigo Ghana tun 2014, ga Jiji, ga Tonaton, duk shafukan saye da sayarwa na intanet. Sai dai a zango ba waɗannan ne kishiyoyinki ba. Kishiyarki ita ce yarinyar maƙwabta mai sitatus a WhatsApp da shafi a TikTok ko Instagram. Kuma dalilin arahar kayanta ba ɓoyayye ba ne: ba ta biyan haya, ba ta yankar tikitin KMA, hukumar birnin Kumasi, ba ta biyan wutar shago, sau da yawa ma ba ta da kayan. Hoto take sawa, ta karɓi kuɗin mutane, sannan ta yi oda daga Sin ko Dubai a jira makonni, ko ta ruga kasuwa ta sayo a wajen irinku. Wata kuma kwaikwayon atamfar GTP ko ta Holan take sayarwa da sunan asali, ita kanta ba ta san bambancin ba.

Kada kuma a ruɗe ki da cewa kasuwar waya aljanna ce. Glovo, kamfanin kai saƙo, ya naɗe tabarmarsa daga Ghana a 2024. Kantin Game ya rufe a 2022, shi kuma ba a waya yake ba, gini ne gari guda. Iskar nan ba ta zaɓar wanda za ta kaɗa.

Da na zauna ina tunanin wasiƙarki, sai na ga wannan sana'a ta 'yan mata ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Dillanci ne. Kin fi ni sanin dillaliya: ƙullin kaya a ka, gida-gida, ta shiga har ɗakin matar da ba ta fita, ta baje, a zaɓa, ta dawo wa mai kaya da kuɗinta ta cire la'ada. Ba ta da shago, ba ta da jari, ƙafa gare ta da baki da sanin wa za ta aurar da 'ya a wata mai zuwa. Iyayenmu ba su taɓa ɗaukar dillaliya a matsayin maƙiyiya ba, neman ta ake yi. Yau ƙullin ya koma cikin waya, gidan da take shiga a wuni ya tashi daga goma ya koma ɗari biyar. Bambancin kawai, ta da an san gidan ubanta, in ta ci amana akwai inda za a je.

To ga abin da nake so ki yi da mai ɗaukar hoton nan. Ran da wata ta sake ɗaga waya, kada ki ɓata rai. Ki ce, 'yata, sayarwa kike yi? Zauna mu yi magana. Ki ba ta farashin sari, ki bar ta ta ɗauki hoton da kyau a bakin ƙofa inda haske yake, in ta samu mai saye ta turo kuɗinki, mai babur ya zo ya ɗauka a shagonki. Abin da ta ɗora a kai nata ne. Sharaɗi ɗaya kada ki sassauta: kaya ba ya fita sai kuɗi ya shigo, sai fa wadda kika san uwarta da ƙofar gidansu, ita ma turmi ɗaya, in ta cika alkawari a ƙara. In kika samu irin waɗannan biyar ko shida masu amana, shagonki ya tashi daga wurin jiran mai wucewa ya zama rumbun da dillalai ke ɗiba. Suna da idon jama'a, ke kina da kaya da sanin kaya. Yanzu ma suna amfana da ke, kyauta ne kawai.

Kakanninmu sun ga irin wannan juyi. Salaga ce cibiyar goro a da, fatake daga Kano da Katsina suna tafiyar watanni zuwa Gwanja. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 hanyar goron ta rikice, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa garin. Goro bai daina ciniki ba, hanya ce ta kauce, ta koma Kintampo da Kete Krachi da Kumasi, daga baya ta bi teku zuwa Ikko. Waɗanda suka bi hanyar da amanarsu su ne suka raya zangunan da muke zaune a ciki.

Yanzu lissafi, wanda shi ne wurin da na fi so ki daɗe. Ki sayi littafi sabo gobe. Kwana talatin, duk abin da ya fita a rubuta: wane kaya, nawa aka saro shi, nawa aka sayar, wa ya saya, kuɗi hannu ne ko bashi. A wani shafin a rubuta abin da shagon ke ci: haya in an raba ta wata-wata a sabon farashi, tikiti, wuta, kuɗin mota ko pragya, keke mai ƙafa uku, daga Aboabo, abincin rana, ladan 'yan kayayo masu dako, zubin adashin susu. Yawancinmu mata 'yan kasuwa a ka muke riƙe lissafi, kuma ka yana da tausayi, yana ɓoye mana abin da ba ma son gani. Littafi ba ya yin haka. A shafi na uku ki jera masu bashi da abin da ake bin kowa. Shekara 23 a wuri ɗaya, na tabbata akwai kuɗin haya mai kauri a hannun mutanen da kike jin nauyin tambaya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a tuna wa mutum cikin mutunci.

In wata ya cika, ina tsammanin littafin zai nuna miki kayanki sun kasu biyu. Akwai wanda hoto ya ishe shi: abaya, ƙananan mayafai, hijabi, jaka in kina taɓawa. Yayinsu na juyawa kafin ki sayar da rabi, kuma yarinyar da ke kwana a waya za ta riga ki ganin sabon fitowa kullum. Ra'ayina, kuma na san zai yi miki ɗaci, ki fita daga wannan layin. Ki karyar da wanda ya yi kwantai ko a uwar kuɗi, ko ƙasa kaɗan. Abayar da ta shekara biyu a rataye ba jari ba ce, kuɗi ne da ƙura ke ci. Akwai kuma kayan da sai hannu ya taɓa: shadda Getzner da masu kama da ita, leshi mai nauyi, atamfar Holan, GTP da ATL na asali. Mai haɗa lefe ba zai zuba dubban sidi a kan hoto ba, in yana da hankali. Uwar amarya mai fitar da anko tana son wadda za ta ce mata turmi arba'in ɗin duk rini ɗaya ne, kuma in aka ƙara goma a makon biki za a samu. A nan zuwa da kai ya fi saƙo, kuma a nan shago yake biyan kuɗin hayarsa.

Sai maganar 'yarki. Tana da gaskiya rabi. Ta ga inda kasuwa ta nufa, kuma zaman da take yi ba aiki yana cin ta fiye da yadda take nuna miki. Inda ta yi kuskure shi ne ɗaukar shago a matsayin nauyi kawai. Abu na farko da mai saye a waya yake tambaya, musamman wanda aka taɓa cuta, shi ne: kuna da shago? A ina? Amsar "muna Alabar, shekara 23, zo ka gani" ta fi mabiya dubu goma daraja. 'Yan matan da take son ta yi gasa da su, da yawansu burinsu su tara kuɗi su kama shago irin wanda take cewa ki saki.

Ki jawo ta cikin sana'ar, amma a matsayin abokiyar ciniki, ba 'yar aike ba. Ku yanka mata kaso bayyananne a kan duk abin da ya fita ta waya, a rubuta a littafin nan, ta ɗauki nata duk Juma'a. Na ga gidaje da dama da uwa da 'ya suka ɓata a kan wannan: uwa na ganin ai ni nake ciyar da ke, 'ya na ganin wahalata ba ta da lada, sai ta fara ɗora nata a ɓoye. Rubutu yana kashe wannan tun bai tsiro ba. Layin karɓar kuɗi kuwa ya zama na 'yan kasuwa, da sunanki ko sunan shagon, da katin shaidarki na ƙasa, Ghana Card. Ba don rashin yarda ba. Yarinya ce, gobe aure zai ɗauke ta, kada kwastomominki su bi lambarta zuwa gidan miji.

Kin ce ba ki iya waya ba sai saƙon murya. Hajiya, ai saƙon muryar ne kasuwar. Ku zauna da ita ku bi lambobin da ke wayarki ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta taɓa saye a wajenki. Ita ta ɗauki hoto, ke ki yi magana da bakinki: Hajiya wance, ina gajiya, ya jikin Alhaji, ga wata shadda ta shigo na tuna da ke. Matar da ta sayi kayan aurenta a hannunki, yau 'yarta ta isa aure. Ba ta guje ki ba, ƙafarta ce ta daina biyowa ta Alabar. Kada ku manta da 'ya'yan zango da ke Bronx da Hamburg da Italiya. Duk azumi suna neman wanda za su tura wa kuɗi ya kai wa tsohuwa kayan Sallah na kirki, ba tare da wani ɗan uwa ya yanke rabi a hanya ba. Wadda za ta karɓa, ta zaɓa kamar uwarta za ta saka, ta aika hoton tsohuwar riƙe da kayan, ta samu kwastoman shekaru. Na Tamale da Ankara da Techiman kuma a sa musu a mota, tasha ba nisa.

Baffanta kuwa, kada ki bari yarinyar ta yi ja-in-ja da shi, kuma kada ku yi a bayan idonsa. Damuwarsa ba shirme ba ce. Ya ga abin da ake yi a TikTok, ya ga maganganun da maza ke rubutawa a ƙarƙashin hoton 'ya'yan mutane, kuma amanar ƙaninsa yake ji a wuyansa. Ki shirya ki je gidansa da kanki, da goronki, ki fara da gode masa. Sannan ki nuna masa a wayar irin abin da kuke nufi: yadi a shimfiɗe, hannu yana warwarewa, murya tana bayani. Ba fuska, ba rawa, ba kiɗa. Mayafi a ɗora wa mutum-mutumin shago. Masu saye da gaske kayan suke son gani. Ki ce masa ke ce mai shafin, a shagonki za a riƙa ɗauka, gabanki. Ki kuma tambaye shi cikin ladabi, in wannan ɗin ma bai yi ba, wace hanya yake gani marayun za su ci abinci. Dattijo in aka ba shi girmansa aka sa shi cikin shawara, sau da yawa shi ne zai fara tura wa abokansa lambar.

Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai ke da ita. Wayoyin nan suna da abin da ke ƙara wa hoto haske da kyau. Kada ku taɓa shi. Kin san hadisin mai tsibin abincin da ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Hoton da ya fi kaya kyau tsibin nan ne. A ɗauka a hasken rana, in kwaikwayo ne a ce kwaikwayo ne ga kuɗinsa, in akwai tabo a gefen turmi a nuna. Wadda kaya ya isa hannunta ta ga ba haka ta zata ba, in bai ga almakashi ba, ki karɓa ki canza mata. Za ki yi asarar kuɗin babur wani lokaci. Amma a kasuwar da kowa ke tsoron a toshe shi bayan ya tura kuɗi, labarin Hajiyar da ke karɓar kayanta zai zaga zango da kansa.

Ku kuma yi hattara da mazambata, don mai sayarwa ma ana cutarsa. Hoton shaidar tura kuɗi ba kuɗi ba ne, saƙon da ya shigo ma ana ƙirƙirarsa, sai an duba abin da ke cikin asusun kafin kaya ya fita. Wanda ya kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, ko ya ce daga kamfani yake yana son lambar sirri, a kashe wayar. Masu babur ku tsayar da ɗaya ko biyu 'yan unguwa da aka san iyayensu.

Mai shago. Dokar haya ta 1963 ba ta yarda a nemi kuɗin gaba fiye da na wata shida ba, kuma akwai ofishin Rent Control mai sasanta rikicin haya don irin wannan. Amma ni da ke mun san yadda abin yake a kasuwa, in kika shiga da doka a baki, wa'adi na cika zai ce yana son gyara gininsa. Ki riƙe dokar a aljihu, ki je da dattijon da yake jin nauyinsa, ki tuna masa shekara 23 ba ki taɓa sa shi ya biyo ki ba. Ki nemi shekara ɗaya, ko wata shida-shida. Ki lura da layinku kafin ki je: in akwai shagunan da ke rufe, shi ma ya gan su, kuma ya san ɗan haya mai biya ba a tsintarsa a hanya yanzu. In ya amince, ki nemi izininsa ki sa tela mace a gefe ku raba hayar. Wurin da abaya ta bari ya ishe keke ɗaya, mai sayen yadi kuma tana son ta ga mai ɗinki a kusa. Bashin manhajojin waya kuwa, waɗanda ke ba da kuɗi cikin minti biyar, ko kusa kada ki je. Ban da ruwan da ke kai, Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi a kan marasa lasisi a cikinsu, masu bin lambobin wayar mutum suna tozarta shi a wajen dangi.

Zai yiwu bayan duk wannan littafin ya ce shagon ba ya ɗaukar kansa, mai shi kuma ya ƙi sauka. In haka ta faru, ki saki, ba tare da jin kin ci amanar maigida ko ta shekarunki ba. Amma ki sake shi zuwa ƙaramin wuri, ko da rabin shago ne a wajen wata 'yar uwa, ko ɗakin ƙofar gida a Aboabo da allo a sama, inda mutum zai iya zuwa ya yi sallama ya taɓa kaya. Kuma ya zama kin yi wata uku kina gaya wa kowa inda za ki koma, lambobinsu suna hannunki, dillalanki sun san sabuwar ƙofar.

Yau da dare, bayan isha'i, ki kira yarinyar ɗakinki. Kada ki fara da shago. Ki tambaye ta yadda take ji da zaman gidan nan, ki saurara har ta gama. Sannan ki ɗauko turmi biyu, na asali da kwaikwayonsa, ki sa mata a cinya, ki ce ta rufe ido ta faɗa miki wanne ne wanne. In ta kasa, ki kama hannunta ki nuna mata inda ake ji. In kin gama, ki miƙa mata wayarki ki ce ita ma ta nuna miki inda ake sa hoto.

Ki rubuto mini bayan kwana talatin ɗin, da abin da littafin ya ce. Allah Ya buɗa kasuwa, Ya huce zukata, Ya mayar miki da barcinki.